Shekarar da Na Tona Asirin Babanki

Hafsatu, ranar da kika dawo daga Islamiyya da hijabi a yage, kina kuka wai wata ta kira ki ɗiyar sojan ƙarya, ban ce miki komai ba, na dai ɗauko allura na ɗinke hijabin. Ba rashin amsa ba ne. Shekarunki ne ba su kai ba, ni kuma bakina bai iya rabin magana ba, in na fara sai na kai ƙarshe. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, ki karanta ranar da kika yi hankali. Mutanen garin nan za su ba ki labarin ta inda ya yi musu daɗi, kowa da nasa gishirin. Ni na je, ni na tambaya, ni na yi maganar, don haka ki ji daga bakina.

Sunan babanki Nasiru. Zan rubuta shi, tunda alƙalami ba ya jin kunya. Ya zo ƙauyenmu, nan ƙasar Kebbe, a shekarar da na gama sakandare a Tambuwal na dawo gida ina zaman jiran abin da ban sani ba. Ya kafa rumfar gyaran babur a gindin bishiyar dogon yaro ta bakin kasuwa. Dogo ne, ba shi da yawan dariya, yana ɗan jan ƙafar hagu, kuma rani da damina ba ya rabuwa da wasu manyan takalman soja. Ya ce shi mutumin Jabo ne, ya yi aikin soja a gabas inda ake yaƙi, harsashi ya same shi a ƙafa aka sallame shi. Kafin wata ya zagayo babu mai kiransa da sunansa, sai Soja. Da la'asar samari sukan cika rumfar, yana kwance inji yana ba su labari: yadda ake kwanciya a rami, yadda ake bambanta ƙarar bindigar abokan gaba da ta mutanenka, yadda ƙishirwa take sa mutum ya tsotsi maɓallin rigarsa. Ba ya cika baki, abin da ya ja ni ke nan. A hankali yake magana, idonsa a kan aikinsa, kamar mai faɗin abin da ya fi so ya manta. Babu wanda ya yi mini dole. Ni na gan shi, ni na so shi, ni na aika aka gaya wa Baba in ba shi ba a bar ni in tsufa a gida.

Baba ya yi abin da kowane uba yake yi, ya tura ƙanensa, Baffa Ummaru, ya je Jabo bincike. Ki san yadda binciken aure yake a wurinmu, domin a nan ramin yake. Ana tambayar asalin gida. Ana tambayar ko yaro yana sallah, ko akwai hauka ko wani ciwon gado a dangi, ko an taɓa kama wani nasu da sata. Abin da kakanni suka tambaya ke nan, shi ake ta maimaitawa har yau. Ba mu gaji tambayar ko mutum ya yi aikin da ya ce ya yi ba, domin a da duk sana'ar mutum a gaban idon garinsu yake yin ta. Wanda aka tambaya kuma ba ya ƙara abin da ba a tambaye shi ba, babu mai son a ce ta bakinsa aure ya mutu. Baffa ya sha furar Jabo ya dawo da yamma ya ce wa Baba:

"Gidan mutunci na. Uban malami na, ya rasu. Uwar tana nan, ba a taɓa jin kanta da kowa ba. A ba shi."

Aka ba shi.

Zaman ɗaki ɗaya da mutum ba zaman rumfa ba ne. Ranar da na ɗauki takalman nan zan goge, sai na tarar an cusa tsumma a bakin kowanne, don sun yi masa yawa. Na ce ƙila haka ake raba musu, wanda ka samu shi ne naka. Tabon da ke ƙaurinsa kuwa na daɗe ina kallonsa. Ni ban taɓa ganin raunin harsashi ba, amma na ga ɗinkin karaya, na kuma ga ƙunar salansar babur a ƙafar kowane ɗan kabu-kabu, wato ɗan acaɓa, a garin nan, kuma nasa ya fi kama da su. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shingen sojoji na kan hanyar Tambuwal. Duk lokacin da ya goyo ni muka iso wurin, sai in ji bayansa ya sandare. Ya rage wuta, ya sunkuyar da kai, ya ce sannunku da aiki yallaɓai, kamar kowane talaka. Bai taɓa yi musu magana irin ta ɗan gida ba. Akwai ƙawata Rabi da muka yi makaranta tare, tana auren soja a Sakkwato. Na taɓa bugun cikinta a waya, ta yi dariya ta ce soja yana iya manta sunan unguwarsu amma ba ya manta lambarsa, ko daga barci ka tashe shi sai ya karanto maka. Na tambayi babanki tasa lambar. Ya ce:

"Wanga ba abin faɗa ma mace ba na."

Na bar maganar. Yana ciyar da ni, ba ya zagi, ba ya duka, in ya samu nama ni yake fara miƙa wa. Namiji ya ƙara wa labarinsa gishiri a majalisa ba sabon abu ba ne, kuma a lokacin babu wanda labarin ya cutar.

Sai shekarar nan ta zo. Damina ta yi kyau irin wadda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su gani ba. Mafi yawan geron garinmu a gonakin bakin daji yake, tafiya ce mai nisa daga gari, kuma tun ana noman farko 'yan bindiga suka fara fitowa ta can. Suka kama wasu, suka harbe wani dattijo a kan kunyarsa da fartanya a hannu. Mutane suka janye ƙafa. Gero ya ci gaba da girma ba mai duba shi, ya fitar da kai, ya nuna, tsuntsu yana ci. A gari kuwa rumbuna sun koma ɗakin ɓera. Daga ƙarshe mai gari ya tara dattawa aka yanke shawara: samari za su yi sa-kai, su ɗauki bindigogi ƙirar gida, su raka masu girbi su tsare su har a kwaso hatsi. Da aka zo maganar wanda zai ja su, ba a ma yi muhawara ba. Ga Soja a gari.

Babanki bai ƙi ba. Kullum da yamma yana filin firamare yana koya musu kwanciya da mirginawa da rarrafe. Wanda ya fara miƙa kansa kuwa shi ne yayana Sanusi, uwa ɗaya uba ɗaya, shi kaɗai ne namijin da ya rage wa Baba tun bayan rasuwar innarmu da ƙannenmu. Aka sa ranar Asabar. A farkon makon Sanusi ya leƙo gidana, gwiwoyin wandonsa duk ƙasa, yana murmushi irin wanda na rabu da gani a fuskarsa. Ya ce:

"Luba, kin yi mana aure. In dai mijinki na gaba, ni ko wuta ta sai in shiga."

Maganar nan ita ta tashe ni. Tsumman takalmi ya daina zama abin dariya. Ina da cikinki a lokacin, ya fara nauyi. Na ce wa babanki ina so in je in gaida innarsa kafin jiki ya hana ni hawa babur. Ya ji daɗi, har ya nemo mini wanda ya yarda da tuƙinsa. Hanyar Kebbe ke ma kin san ta, rami ne yake miƙa ki ga rami. Na riƙe cikina da hannu ɗaya har muka hau kwalta.

Na tarar da kakarki a Jabo tana zaune a inuwar rumbu tana saƙar faifai. Mace ce marar magana, siririya, tana da jinin Fulani ta wajen uwa. Na durƙusa na gaishe ta. Kamata ya yi in kwana, in yi shara, in ɗora tukunya, sannan in lallaɓo zancen ta bayan gida. Ni ban iya wannan ba, kuma Asabar ba ta jira. Na ce:

"Inna, ki gafarce ni, tambaya nika son yi. Ɗanki ya yi soja ko bai yi ba?"

Hannunta ya tsaya. Ba ta ɗago ba.

"Wace irin gaisuwa ta wagga, ɗiyar nan? Ko ruwa ba ki sha ba."

"Na sha a hanya, Inna. Ran Asabar za a ba shi samarin garinmu shi kai su daji, har da yayana. In bai san bindiga ba, gawa za a kwaso."

Ina kallon yatsunta, ta soka zaren kaba a inda ba nan ne wurinsa ba, ta zare, ta sake sokawa a wurin. Can ta ce:

"Ni ban da bakin wagga magana. Tafi Dogon Daji, ki nemi Tumba mai daddawa, ƙanwar marigayi. Ita ad da ɗa. Ni ban da."

Ban gane ba, na kuma ji haushi. Na ɗauka korata take yi. Washegari da sassafe na hau mota zuwa Dogon Daji.

Gidan Goggo Tumba ba ya ɓata, hanci ne yake kai mutum. Tsohuwa ce ƙatuwa mai murya kamar ta namiji, na same ta tsugune tana wanke kalwa. Da na faɗi ko ni wace ce, ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa.

"Au, ke ta 'yar bokon Kebbe? Na ji labarinki, an ce harshenki ya fi almakashi. Zauna maza, kada ki haihu min a ƙofa, ban da ungozoma."

Na zauna, na maimaita mata tambayar da na yi wa Inna, na gaya mata maganar Asabar. Dariyar ta bar fuskarta. Ta ɗauraye hannu, ta goge a zane, ta zauna kusa da ni a kan turmi.

"Ita ta turo ki? Lalle abin ya kai. To saurara. Nasiru shina da wa, Bashiru. Ɗan fari na. Ranar da anka yaye shi anka aza min shi a baya, ni Allah bai ba ni haihuwa ba. Nan yat tashi, ɗakin can na nashi. Shi as soja."

Hafsatu, na yi aure a gidan nan, na yi salla a gidan nan, ban taɓa jin an ambaci wani Bashiru ba. A nan ne na gane abin da ya faru da ni, da Baffa Ummaru, da garinmu duka. Ke kin taso a zamanin da uwa take ɗaukar ɗan farinta hoto ta sa a waya. A gidajen da suka riƙe al'ada ba haka ba ne. Uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, sau da yawa ma ba ita take riƙonsa ba. Sai na tuna akwai wani maƙwabcinsu a Jabo da Inna ba ta taɓa kira da sunansa ba, sai dai ta ce mai sunan wancan. Ni a zatona sunan marigayi mijinta ne.

Goggo Tumba ta ci gaba.

"Nasiru bin wanshi ya yi har bariki. Shina kabu-kabu a bakin ƙofa, shina wanke mashi kaki, shina jiran shi dawo daga daji shi ba shi labari. Ƙafar nan mota ta ture shi, Bashiru yay yi jinyar shi. Sannan wata tafiya anka tafi da Bashiru, ba a dawo da shi ba. Ko gawa ba mu gani ba. Nasiru yaz zo mana da jaka da takalma."

"Inna fa?"

"Daka taka yi sa'ad da anka faɗa mata. Ba ta aje taɓarya ba. Tac ce Allah shi jiƙan musulmi. Tac ci gaba da daka har garin yak koma kamar toka. Ni niy yi kukan, ni anka yi ma gaisuwa. Ita ba ta da izni."

Ta share ido da bayan hannu, ta ja majina.

"Yaron nan ya dawo da labarin wanshi cike da ciki, gidan kuma babu inda za shi aje shi. In ya buɗe baki, uwar ta tashi ta bar wurin. Sai yaf fita waje shina ba samari. Da fari cewa shika yi, Yaya yac ce. Daga baya yak koma, munka yi kaza. Da yat tafi ƙasarku inda ba a san mu ba, ashe ya koma ni."

"Kun sani, Goggo, kunka yi shiru? Baffana ya zo bincike!"

"Kada ki ɗaga min murya, ban haife ki ba amma na girmi wadda ta haife ki. Ya tambayi hauka, babu. Ya tambayi sata, babu. Ni in aika in ce a fasa? Kuma bari in faɗa maki abin da ban faɗa ma kowa ba. Da nij ji ana kiran shi Soja can wajenku, daɗi nij ji. Na ce ko banza akwai inda aka ba da labarin yaron nan, ko da ba da sunanshi ba."

Ta miƙe ta ƙulla mini daddawa a leda, ta danƙa mini a hannu, ba ta saki hannun ba.

"Amma hira daban, daji daban. Tafi ki hana. Na ba daji guda, ya isa."

Na iso gida ranar Alhamis da rana. Da la'asar babanki ya shigo zai yi alwala. Na bari ya tsugunna da buta, sannan na ce masa na biya Dogon Daji, Goggo Tumba tana gaishe shi. Ruwan ya ci gaba da zuba daga butar a ƙasa har ya kai gindin ƙafarsa. Bai tambaye ni abin da ta ce ba.

"Luba, duk abin da nika koya masu gaskiya na. Daga bakin Yaya nij ji shi. Ban ƙara ko kalma ba."

"Ka taɓa harba bindiga?"

"A'a."

"An taɓa harbinka?"

Ya ajiye butar, ya zauna a dandaryar ƙasa da rigarsa mai kyau.

"Kafin wagga magana, in an ji ƙarar babur daga yamma garin ga watsewa shika yi. Yanzu yara sun tsaya da ƙafarsu. Ki bari a kwaso hatsin nan. In an gama, wallahi ni da kaina za ni tara su in faɗa masu."

"In an gama da wa? Ka faɗa masu kafin Asabar. Wanda yag ga za shi bi ka bayan ya sani, shi bi ka. In ba ka faɗa ba, ni za ni faɗi."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ina jin bai yarda zan iya ba.

Ban so abin ya kai fili ba, ki riƙe wannan. Ranar Juma'a na samu Sanusi na gaya masa komai. Dariya ya yi, ya ce faɗan miji da mata ne, kuma mai ciki ba ta rasa tsoro, in je in kwanta. Na wuce wurin Baba. Ya saurare ni yana jan carbi, bai katse ni ba, kuma abin da ya ba ni tsoro shi ne ban ga mamaki a fuskarsa ba.

"Na daɗe da shakka, Luba. Sojan da ba shi da aboki ko guda da ka zuwa gaishe shi? Amma leƙa rumbun can ki gani. Tsoro ka kashe mutum tun harsashi bai iso ba, mijinki kuwa ya cire masu tsoro. Ki rufa mashi asiri, Allah shi rufa maki. Mace ba ta kwance ma mijinta zane a kasuwa."

"Sanusi fa, Baba?"

"Sanusi na hannun Allah."

"Na sani. Amma Allah bai ce a sa makaho jagora ba."

Ya ce in tashi in ba shi wuri. Bai taɓa korata ba sai ranar.

Asabar da hantsi aka taru a filin firamare. Babura a jere, bindigogi a kafaɗa, layu a damtse, masu girbi da igiyoyinsu a gefe, mai gari a kan kujera, liman yana addu'a. Mu mata muna can nesa a jikin katanga. Babanki yana tsaye a gaba. Na jira shi. Na jira aka gama addu'a aka shafa, na jira mai gari ya gama jawabi, ina cewa yanzu zai ɗaga hannu ya yi magana. Sai na ga ya juya ya nufi babur ɗinsa, Sanusi yana bayansa. Ban san lokacin da na ratsa filin ba. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunansa ba, ko a ɗaki. Ranar na kira shi a gaban gari.

"Nasiru! Faɗa masu wa as soja a gidanku."

Wuri ya yamutse. Wani dattijo yana cewa ɗiyar wa ta wagga marar ta ido, wani yana cewa a fid da ta, aljanu na. Sanusi ya damƙi hannuna har na ji ƙashi. Mai gari ya ɗaga sanda aka yi tsit, ya ce:

"Soja, iyalinka ta yi magana. Mi kac ce?"

Ki san wannan game da ubanki. Da ya ce ciki ne ya taɓa mini kai, duk wanda ke filin nan da ya yarda, har Baba da ya san gaskiya da ya yi shiru. Ƙofar a buɗe take. Ya tsaya yana kallon samarin nan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sauke bindigar daga kafaɗa ya ajiye a gaban mai gari.

"Gaskiya taf faɗi, ranka shi daɗe. Wana as soja, Bashiru, Allah shi jiƙan shi. Ni wanki nika yi mashi. Ban taɓa harba bindiga ba."

Babu wanda ya doke shi. Da dukan aka yi ina jin da ya fi sauƙi. Wani ya tofar da yawu, wani ya tada babur, a hankali filin ya zube kamar an fasa tulu. Ba a je daji ba.

Abin da ya biyo baya ba zan yi miki ado da shi ba. A famfo mata suka daina amsa gaisuwata, wata ta ce in yunwa ta kashe 'ya'yanta a wuyana. Baba ya daina cin abincin da na aika. Sanusi in ya hango ni sai ya sake hanya. Babanki bai zage ni ba, bai ɗaga mini hannu ba, bai kuma ƙara sa hannu a kwanona ba. Rumfa ta mutu, babu mai kawo gyara.

Washegarin ranar filin nan, da gari ya waye, na ga ya ɗaure igiya da wuƙa a bayan babur, da silifa a ƙafarsa, ya fita ta yamma shi kaɗai. Ba bindiga, ba laya. Na zaci barin gari ya yi. Da azahar sai ga shi da dammunan gero, ya sauke a ƙofar gidan Baba, bai yi sallama ba, ya juya. Kashegari haka. Wanshekare haka. Daga baya wasu magidanta da yunwa ta fi matsa wa suka riƙa bin sawunsa a ɗaiɗaiku, suna sane da wanda suke bi.

Wata rana muka ji harbi daga yamma, ba ƙaƙƙautawa. Na fito na je ƙofar gidan Baba na tsaya. An jima sai ga shi, dami ɗaya tak a baya, rigarsa a yage da ƙaya. Ya tsaya zai kwance igiya, hannunsa ya kasa kama ƙullin. Na matsa na kwance masa. A nan ne ya yi mini magana ta farko tun ranar fili, kuma kusan ta ƙarshe.

"Yau an harbe ni, Luba, ba a same ni ba. Duk abin da nika koya masu, ko guda ban tuna ba. Kwanciyar ma ban tuna ba. Gudu kawai niy yi. Da da yaran nan nika tafe, ban san mi za ni ce masu ba."

Na ce to ya isa haka, kada ya koma. Da safe ya koma. Bai daina ba sai da ya kwaso abin da tsuntsu ya rage a gonar Baba. Ranar da ya sauke damin ƙarshe ya ɗaure akwatin kayan gyaransa ya kama hanyar Tambuwal. Saƙonsa ta hannun Baffa Ummaru ya zo: idan na haihu, ya sawwaƙe mini. Ya ce ba don ƙiyayya ba, sai don ba zai iya kallon idona ba, ba kuma zai iya zama a garin da aka san shi da sunan da ba nasa ba. Yana can har yau yana gyaran babur, shi yake aiko miki da kayan salla. In kin girma ki je ki gan shi, ba zan hana ki ba.

Yawancin geron garin a daji ya lalace. An sha wuya a shekarar, an sayar da awaki, wasu gidaje sun tashi ba su dawo ba. Akwai masu cewa har gobe da na yi shiru da an je an dawo lafiya, da hatsi, da aurena. Mai yiwuwa ne. Ban sani ba, su ma ba su sani ba. Abin da na sani shi ne ba a ɗauki ɗan kowa an kai shi daji a kan labarin da ba gaskiya ba, kuma da za a mayar da ni filin nan da sai na sake ratsa shi.

Na haife ki a gidan Baba cikin sanyi. Kunun kanwar da aka riƙa dama mini na jego, wanda ya zama nonon da kika sha, daga geron nan ne da ubanki ya kwaso shi kaɗai. Ba ya nan da zai yi miki huɗuba, Baba kuma yana kwance ba lafiya. Sai aka kira Sanusi. Ya shigo da ƙafafunsa biyu, fuska a ɗaure, ya karɓe ki bai ko dubi inda nake ba, ya sunkuya ya yi miki kiran salla a kunne. Matan da ke ɗakin suka ce in ba shi haƙuri mana, wata nawa yana fushi da ni. Na ce a bar shi ya yi ta yi. Mai rai ka fushi.